Lemon Tsami Ba Wuta Ba Ne

Da za a ba ni dama in goge rana guda daga cikin shekarun da na yi ina sana'ar kifi, wata Litinin zan goge. A ranar aka tsayar da ni a ƙofar kicin aka yi mini tambaya, na ba da amsar da babu ƙarya ko ɗaya a cikin kalmominta, amma da ita na kashe wa wata baiwar Allah kasuwarta. Sunanta Mama Afi, mai sayar da ɗanyen kifi ce a bakin teku, kuma duk abin da na sani na gaskiya game da kifi a hannunta na koya.

Sunana Sale, a nan Gumel ana ce mini Sale Mai Kifi, asalina mutumin Ɗanzomo ne. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, don haka a yi haƙuri da rubutun. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne samarin da ke zuwa rumfata da yamma, su tsaya suna kallon kasko, wani ya ce, "Baba, ai wannan sana'ar ba ta da wuya. Mai ne da yaji da wuta." Nakan yi dariya in miƙa masa kifinsa. Ni ma haka na ɗauka, har na shekara goma sha biyu ina suya ina ganin na gama sanin komai.

A kasuwar Maigatari na fara, a hannun ƙanin mahaifiyata, Kawu Habu. Mu mutanen tudu ne, ba mu da kogi. Kifinmu daga wajen Haɗeja da Nguru yake zuwa, tarwaɗa da ƙarfasa, a cikin manyan darurruka an rufe su da jiƙaƙƙen buhu. Kafin mota ta iso da shi ranar Alhamis rana ta take, kifin ya sha hanya ya sha zafi. Aikina na farko shi ne in juye shi a kan tabarmar leda in ware. Kawu yana da kalmarsa. Idan kifi ya fara wari kaɗan, ba ya cewa ya lalace, sai ya ce ya fara magana. "Sale, wancan ya fara magana. Ba shi lemo ya yi shiru, sauran aikin na wuta ne." Sai in fasa cikinsa, in kankare, in dirje shi da lemon tsami da gishiri, a jefa shi cikin mai mai tafasa har sai ya bushe ƙayau, ƙayarsa ma ta tauno. Kawu ba macuci ba ne, Allah Ya jiƙansa. Wanda ya ruɓe da gaske binne shi yake sa ni in yi a bayan kasuwa. Amma wanda ke tsakani, lemo ya kashe warin, wuta ta kashe sauran, kuma ban taɓa jin wanda ya ci kifinmu ya kwanta ba. Da wannan na tashi.

Direbobin da ke ɗauko motoci daga Kwatano su bi ta Nijar su shigo ta Maigatari abokan cinikinmu ne. Wani daga cikinsu ya ce mini a garuruwan bakin teku ana neman masu iya gashin kifi, kuma ga shi na tsinci ɗan Faransanci a bakin mutanen Damagaram da ke zuwa cin kasuwa. Ina da shekara talatin da 'yan kai na bi shi. Daga Kwatano wani Bahaushe mai sayar da nama a zango, unguwar Hausawa, ya tura ni wani ƙaramin gari can gaba, inda Turawa da masu kuɗin birni ke zuwa hutu. Gidajen abinci bakwai ne a jere a bakin ruwan, kowanne da rumfar ganyen kwakwa da tebura a kan yashi. Na huɗu a jerin na wata mata ne 'yar ƙasar Meziko, Madam Lusiya, wadda ta auri ɗan garin ta zauna. Abincin ruwa kawai take sayarwa, irin na garinsu.

Kifin farko da na yi mata ban manta shi ba. Ta miƙo mini wani jan kifi mai tsawon kamu ɗaya da rabi, ta ce in nuna mata abin da na iya. Na gyara shi cikin minti biyu, na tsaga, na sa a mai, na soya shi irin na Maigatari har ya yi ƙarau. Na kawo mata ina ji da kaina. Ta ɗaga shi ta wutsiya ta ƙwanƙwasa a kan tebur, ya yi ƙara.

"Wannan kifi ne ko takalmi?" in ji ta.

Ma'aikatan suka kwashe da dariya. Amma ta ga yadda nake riƙe wuƙa, ta kuma ga na san gawayi, wanda zai daɗe da wanda zai yi toka da wuri. Ta ce in zo gobe.

Kafin in karɓi aikin sai da na je wurin limamin zango na tambaye shi hukuncin jatan lande da ƙaguwa da wasu halittun da ban taɓa gani ba, masu hannuwa barkatai. Ya ce abin teku halal ne. Giya kuwa a gaba ake sayar da ita, na faɗa wa Madam ba zan taɓa kwalba ba, ta ce ita ma ba ta son mai girki ya taɓa.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da ƙa'idarsa. Wuƙa biyu, ɗaya mai kauri ta sara kai, ɗaya siririya mai lanƙwasa ta zare tsoka daga ƙaya. Dutsen wasawa, kullum da safe. Katakon yanka guda biyu, na ɗanyen kifi daban na kayan lambu daban, in ka haɗa su ranar za ka ji zagi da harshen garinsu. Raga mai bango biyu wadda ake matse kifi a ciki a juya shi a kan garwashi. Babban abincin gidan shi ne kifin da ake buɗewa ta baya a shimfiɗe shi kamar littafi, a shafe shi da niƙaƙƙen jan barkono da tafarnuwa, a gasa a hankali. Wata uku na yi kafin in daina busar da shi. Madam takan tsaya a bayana ta ce, "Sauke, Sale, sauke. Kifi yana ƙarasa dahuwa a faranti." Ni kuwa hannuna ba ya yarda, sai in ƙara masa minti guda, ta mayar da shi ta ce ni zan cinye. Akwai kuma 'yar gurasar masara, siririya mai laushi, da ake gasawa a kan farantin ƙarfe, mai ci ya zuba kifi da albasa da fiya a ciki ya naɗe ya ci da hannu. Wannan ya burge ni. Na ga Turawa masu cokali da wuƙa sun aje su suna lasar yatsa kamar mu.

Masu zuwa cin abinci iri-iri ne. Akwai waɗanda za su zauna tun azahar har la'asar a kan faranti biyu, ƙafa ba takalmi a cikin yashi, suna kallon ruwa. Akwai masu cewa a sa musu yaji sosai, su ɗanɗana su fara hawaye suna neman ruwa. Akwai manyan mutanen Kwatano da ke zuwa da iyali ranar Lahadi, su shigo har kicin su nuna kifin da suke so da yatsa. Madam takan zagaya teburan ta tambayi kowa, in an yaba sai ta leƙo ta taga ta ɗaga mini babban yatsa.

Kifin gidan duka Mama Afi ce ke kawowa. Da hantsi, in jiragen masunta sun fito, za ka hango ta a kan yashi da daro a ka, doguwa, ta kusa shekara sittin a lokacin. Ta tashi kusa da zango, tana jin Hausa sosai, irin Hausar can mai lanƙwasa. Shekara goma sha ɗaya tana kawo wa Madam kifi kafin in zo, kuma biyar daga cikin gidaje bakwai ɗin a wurinta suke saye. Ranar farko ta sauke daron ta ce in zaɓa. Na zaɓi mafi girma. Ta dube ni.

"Ɗan tudu, a garinku da awo ake auren mace?"

"Mama, ai babba ya fi nama."

"Wannan jiya ya mutu, ni na sa shi don in gwada ka. Zo nan."

Ta kama hannuna ta danna yatsana a jikin kifin, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta danna a jikin wani, ya taso nan take. Ta nuna mini ido: na yau yana sheƙi ya kumburo, na jiya ya yi hazo ya faɗa. Ta ɗaga murfin kunnensa ta ce in duba, na yau ja ne jawur, na jiya ya koma ruwan ƙasa. Sannan ta ce in sansana. Na ce ban ji komai ba.

"To shi ne. Kifin kirki ba ya warin kifi, warin ruwa yake. In ka ji ƙarni, ka makara."

Shekara uku tana yi mini wannan jarabawar, wani lokaci ta ɓoye na jiya a tsakiyar daro. In na gano shi sai ta ce, "Ɗan tudu ya fara hankali." In na kasa, sai ta faɗa wa duk matan bakin ruwa, in wuce suna kira na mijin babban kifi. Da azumi takan aiko mini da kwakwa da soyayyar doya don buɗa baki, alhali ita ba Musulma ba ce.

Yanzu ga abincin da ya jawo komai. A harshen Madam sunansa sebice, mu a kicin muna ce masa kifin lemo. Ana zare tsokar farin kifi, a yanka ƙanana kamar kan yatsa, a zuba a kwanon gilashi, a matse lemon tsami har ya rufe shi, a sa gishiri, a aje a wuri mai sanyi kamar minti ashirin. Sai ka ga naman da yake garai-garai ya koma fari fat, ya yi tauri, kamar an tafasa shi. A zuba yankakkiyar albasa da tumatir da attaruhu da wani ganye mai ƙamshi, a kai tebur. Babu wuta ko kaɗan. Ranar da na fara gani na ce, "Madam, ɗanye za su ci?" Ta ce, "Ba ɗanye ba ne, lemon ne ke dafa shi." Da kalmar dafawa ta faɗa, wadda ake faɗa wa shinkafa. Ta kuma ce kifin lemo sai na ranar, wanda ya fito daga jirgi da safen nan, ba na firiza ba. Na riƙe maganar farko da kyau. Ta biyun na ɗauke ta a matsayin tsirfar Turawa, irin ta katako biyu. A raina na ce, in lemo yana dafawa, kuma a garinmu lemo ke rufe bakin kifi, ai an haɗa magani biyu a wuri guda. Ban taɓa tambaya ba, don kada a ce ɗan tudu bai gane ba.

A shekarata ta huɗu aka yi mummunar shekara. Teku ta yi ta hauka wata da watanni, ta cinye yashin gaban gidajen har ta ɗauke tebura, jirage suka riƙa kwana uku ba su fita ba. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Gidaje biyu suka rage ma'aikata. Madam ba ta kori kowa ba, amma mun ga ta sayar da motarta. A cikin wannan hali wani babban ɗan kasuwa daga Kwatano ya aiko cewa zai kawo mutum arba'in ranar Lahadi don murnar cikar mahaifinsa shekara tamanin, kuma kowa a fara masa da kifin lemo. Duk gidan muka ɗora rai a kan wannan Lahadin. Zuwa lokacin Madam ta daina duba kifi da kanta. Takan ce, "Hancin Sale ya zama hancina."

Ranar Asabar aka ɗauke wuta tun safe, janareta kuma ta ƙi tashi. A firiza akwai manyan fararen kifi guda shida na ranar Alhamis, an aje su don gashi. Madam ta ce in je in sayo ƙanƙara in danne su. Na ce to. Sai dai ranar ana sunan ɗan wani aminina a zango, na ce bari in leƙa in dawo. Aka ci aka sha, hira ta yi daɗi, da na je wurin masu ƙanƙara ta ƙare, kowa a garin ita yake nema. Na koma ban faɗa wa kowa ba, na ce ai firiza a rufe take, za ta riƙe sanyi.

Da safiyar Lahadi na buɗe ta. Ruwa ya kwanta a ƙasa, kifin ya saki. Na danna, ya lotsa. Ya fara magana.

Can sai ga Mama Afi, daronta ba nauyi. Jirgi biyu ne kawai suka fita. Ta sauke kifi uku masu kyau ƙwarai, idonsu kamar za su yi ƙifta.

"Ɗan tudu, iyakarsu ke nan, na hana kowa na kawo muku. Ba za su kai mutum arba'in ba. Ka faɗa wa Madam tun yanzu ta san abin yi."

"Za su kai, Mama."

"Da me, da addu'a?"

"Ki bar ni da wuƙata."

Ta girgiza kai ta tafi. Da na je na faɗa wa Madam kifi bai isa ba, da za ta ce a buɗe firiza a ga abin da za a gasa a madadinsa, da ta ga ba ƙanƙara. Wannan ne abin da nake gudu. Sai na ɗauko huɗu daga cikin shidan nan, na zare tsokarsu, na dirje da lemo da gishiri yadda Kawu ya koya mini har warin ya ɗauke, na yanka na haɗa da na Mama Afi, na ƙara lemo fiye da kullum, na bar shi ya daɗe. Ya yi fari fat. Na ce ya dahu. Aka fitar da kwano arba'in, aka cinye, har tsohon da ake yi wa biki ya sa aka kira ni ya ba ni hannu.

Lemon tsami yana canza launin kifi ne kawai, yana kashe wari, ba ya kashe abin da ke cikin naman da ya fara lalacewa. Abin da ke tsare mutanen Maigatari man nan ne mai tafasa, ba lemon ba. Wannan daga baya na sani, a bakin likitan da ya zo duba kicin ɗin.

Da safiyar Litinin waya ta fara ƙara. Fiye da rabin mutanen sun kwana suna amai da gudawa. Tsohon yana asibiti an sa masa ruwa, haka wata mai juna biyu. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, tsohon ya yi kwana tara ya fito, matar ta haihu lafiya daga baya. Madam ta tsaya a ƙofar kicin, fuskarta ta yi fari, ma'aikata duk suna tsaye.

"Sale, kifin wa ka sa a lemo?"

"Kifin da Mama Afi ta kawo jiya da safe na sa."

Na sa shi kuwa. Ban ce shi kaɗai ba, ita ma ba ta tambaya ba. Sauran biyun na riga na binne su a bayan gida tun jiyan, na wanke firiza.

Da hantsi Mama Afi ta zo da daronta kamar kullum. Madam ta tare ta a waje, a kan yashi, ta yi mata magana da ƙarfi a gaban masunta da ma'aikatan maƙwabta, ta ce kada ta sake taka gidan. Kafin la'asar labari ya bi gidaje bakwai ɗin nan. Cikin mako guda babu mai sayen kifinta. A bakin teku mai kawo kifi ba ta da komai sai amincin da aka yi mata, ba kanti, ba takarda. Masuntan da ke ba ta kifi su ma suka koma wa wasu matan, don ba ta da inda za ta kai.

Ranar da aka kore ta, ta zagayo ta bayan kicin inda nake wasa wuƙa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam Sale." Ranar ce ta farko da ta kira ni da sunana. "Kifi uku na kawo maka."

Ban ɗago ba. Ta ɗauki daronta ta wuce.

Wata biyar na yi da wannan a bakina. Aiki ya ci gaba, wata mata ta karɓi kawo kifi, teku ta lafa, baƙi suka fara dawowa kaɗan-kaɗan. Wata Juma'a na dawo daga masallaci ta bayan kasuwa, na ga Mama Afi a zaune gefen hanya, gabanta tire da ƙananan kifi masu hayaƙi, irin waɗanda ake sayarwa ɗaiɗai don miya. Ta rame, idonta ya yi ja saboda hayaƙin banda. Matar da gidaje biyar ke jira. Ta gan ni, ta ce, "Ɗan tudu, an sauko lafiya?" kamar ba komai. Ban koma ɗakina ba, na zarce wurin Madam na faɗa mata komai, tun daga ƙanƙara har kifin da na binne.

Madam ba ta yi faɗa ba. Ta ce in tashi mu tafi. A ƙafa muka je gidan Mama Afi. Madam ta durƙusa a gabanta tana kuka, ni na maimaita abin da na faɗa. Mama Afi ta saurara har na gama.

"Na sani tun ranar," in ji ta. "Kifi uku ba sa cika kwano arba'in, ko wuƙar wa ce."

Madam ta ce, "Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Kin tambaye ni ne? Kuma in na ce shi ne, ya ce ni ce, wa za ki yarda da shi, mai hancinki ko mai daro? Na ce bari in ga ko ɗan Musulmi zai faɗa da bakinsa."

Madam ta ce ta dawo gobe ta ci gaba da kawo kifi. Mama Afi ta ce gida ɗaya ba ya riƙe mai daro, masunta ba za su ba ta kifi mai kyau don gida guda ba. Sannan ta juyo gare ni.

"Ni na yafe maka abin da ke tsakanina da kai. Amma sunana ba a ɗakin nan aka ɓata shi ba, a kan yashi aka ɓata shi. Ban da na Madam gida shida ne. Ka je kowanne, ka tsaya a ƙofar kicin, ka faɗa wa masu girkin abin da ka faɗa mini. Kai, ba Madam ba. In ita ta faɗa za su ce tausayi ne."

Na ce zan je.

Madam ta sallame ni daga aiki, kuma daidai ta yi. Ta ba ni mako guda in kwashe kayana. Washegari na fara. Gida na farko mai girkin ya saurare ni ya tofar da yawu a gabana. Na biyu suka kira junansu suka taru suna dariya, wani ya ce a kawo wa malam lemo ya wanke bakinsa. Na uku mai gidan da kansa ya fito, ya ce da shi ne da 'yan sanda zai kira, kuma duk Hausawan da ke aiki a bakin ruwan nan sai an sake duba su. Wannan maganar ta isa zango kafin ni. Dattawa suka kira ni suka ce ya isa haka, na riga na faɗi gaskiya ga masu haƙƙi, kada in jawo wa 'yan'uwa kora. Ba su san ina neman wanda zai ce mini haka ba. Na karɓi maganarsu hannu biyu. Saura gida uku, kuma biyu daga ciki su ne manyan masu sayen kifinta a da. Na ce gobe, gobe ta zo na ce jibi. Ranar da makon ya cika na hau mota tun da sassafe na nufo gida, ban yi mata sallama ba.

Shekara goma sha shida ke nan. Na buɗe rumfa a Gumel, Allah Ya sa mata albarka, na aurar da 'ya'ya a cikinta. Kifina daga Haɗeja yake zuwa, yanzu cikin ƙanƙara, kuma kowanne sai na danna shi na duba ido na ɗaga kunne. Wanda ya fara magana ba ya shiga kaskona, ko da wuta za ta iya rufa masa asiri. Ranar kasuwar Maigatari da ta Gagarawa 'ya'yana ke zuwa da kaya, sun san ƙa'idar. Na taɓa aika saƙo ta hannun wani direba ya nemo mini labarinta. Ya dawo ya ce Madam ta rufe gidan ta koma ƙasarsu, Mama Afi kuwa ta koma ƙauyen 'yarta can cikin lungun ruwa, ba ta sake ɗaukar daro ba. Ya ce ya tambayi wani tsohon mai girki a ɗaya daga cikin manyan gidajen nan ko ya san ta. Mutumin ya ce, "Wace Afi? Wadda ta kusa kashe mutane da ruɓaɓɓen kifi?"

To, samari, ku da kuke son shiga wannan sana'a, ga roƙona. In an faɗa muku wata kalma a wurin aiki ba ku gane iyakarta ba, ku tambaya, ko za a yi muku dariya. In kun yi sakaci da safe, ku faɗa da safe, tun yana ƙanƙara ce kawai ba a saya ba. In kuwa har kun bari laifinku ya hau kan wani, kada ku tsaya a rabin hanya kamar yadda na tsaya. Ku bi ƙofofin duka har ta ƙarshe, ranar da kuka fara, ko da wa zai ce muku ya isa. Ni na bar uku, kuma a cikinsu har yau sunanta yana nan yadda na bar shi.